Ilmin Anishinabe A Jami'o'in Kanada: Wa Ya Kamata Ya Hau Kujerar Malami?

Da yawa daga cikinmu sun san ƙasar Kanada ta wajen ayyukan taimako. Hanyar Haɗin Kai, wadda ta tashi daga Gure ta nufi Ngigmi, da taimakon wannan ƙasa aka shimfiɗa ta cikin shekarun 1970. Mun kuma san cewa ƙasa ce mai sanyi, wadda mutanenta ke magana da Ingilishi da Faransanci. Amma kafin Ingilishi da Faransanci su sauka can, ƙasar tana da masu ita. Cikinsu akwai wata babbar al'umma da ke kiran kanta Anishinabe, wadda ta haɗa ƙabilun Ojibwe da Odawa da Potawatomi da wasu danginsu. Mazauninsu yana kewayen manyan tafkunan nan guda biyar da ke tsakanin Kanada da Amurka: jihohin Ontariyo da Manitoba ta gefen Kanada, da Mishigan da Wiskonsin da Minesota ta gefen Amurka.

Yau jami'o'in wannan yanki suna gasar buɗe sassan koyar da tarihi da harshe da al'adun waɗannan mutane. Abin a yaba ne. Sai dai ra'ayinmu shi ne, ba a yawan darussa za a auna wannan aiki ba. Za a auna shi da abu biyu: ko ɗalibi yana fitowa da harshen a bakinsa, da kuma ko dattijon da ya riƙe ilmin an ba shi kujerar malami sosai, da albashi da iko, ko kuwa baƙo ne da ake gayyata ran biki.

Domin a gane nauyin maganar, dole a koma baya kaɗan. A 1876 gwamnatin Kanada ta kafa wata doka ta musamman a kan ƴan asalin ƙasa. Cikin wannan doka an rubuta cewa duk ɗan asalin ƙasar da ya sami digirin jami'a, ko ya zama likita ko lauya ko limamin kirista, ya fita daga lissafin ƙabilarsa a idon hukuma. Wato ilmi mai zurfi da zama Ba'anishinabe ba su kwana ɗaki guda. Bayan haka ga makarantun kwana, waɗanda gwamnati ke biya, ƴan mishan ke riƙewa. Ana ɗauke yaro daga gaban iyayensa, a aske shi, a canza masa tufafi, a hana shi harshen uwarsa da bulala. Yara kimanin 150,000 suka bi ta cikin waɗannan makarantu, dubbai kuma ba su koma gida ba. Sai cikin shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Waɗanda suka yi lakkwal a nan ƙasar zamanin da ake rataya wa yaro sambol in ya yi Hausa ko Zabarmanci, sun ɗanɗani gefen abin. Amma mu da yamma muna komawa gida, mu ci tuwo, mu ji harshenmu a bakin kaka. Su kuwa wata goma suke yi, wasu shekaru, ba su ga uwa ba.

Akwai labari guda da ya isa misali. A watan Oktoba na 1966, wani yaro Ba'anishinabe mai shekara 12, sunansa Chanie Wenjack, ya gudu daga makarantar kwana ta garin Kenora. Ya bi hanyar jirgin ƙasa yana nufin gida, alhali gidan yana da nisan kilomita kusan 600. Ba shi da rigar sanyi ta kirki, ba guzuri, sai ƴar kwalba da ƴan ƙwayoyin ashana a ciki. Yunwa da sanyi suka kashe shi a bakin hanya. Yau sashen nazarin ƴan asalin ƙasa na Jami'ar Trent, a garin Peterborough, sunan wannan yaro yake ɗauke da shi, tun 2017.

Ita wannan jami'a ta Trent ce ta fara buɗe irin wannan karatu a Kanada, a 1969. A wannan shekarar ce kuma Jami'ar Minesota ta kafa nata sashen a Amurka. Ba alheri ne ya sauko wa shugabannin jami'o'in haka kawai ba. Lokaci ne na tashin ƴan asalin ƙasa. A 1969 gwamnatin Pierre Trudeau ta fito da wani shiri na soke matsayinsu na musamman gaba ɗaya. Suka tashi tsaye, har shirin ya mutu. A 1972 ƙungiyarsu ta ƙasa ta miƙa wa gwamnati takarda mai neman a bar musu ragamar ilmin ƴaƴansu. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Sai dai neman ilmi bai fara daga 1969 ba, kuma nan ne muke so mu ɗan tsaya. A 1832 wani sarkin Ojibwe mai suna Shingwauk ya taka ƙasa cikin hunturu, daga yankin Sault-Sainte-Marie har garin da ake kira Toronto yau, domin ya roƙi gwamnan Ingila a aiko wa mutanensa malami. Abin da ke ransa shi ne a gina bukkar koyarwa, inda ƴaƴan Anishinabe za su koyi karatu da sana'o'in Turawa ba tare da sun zubar da nasu ba. Ya rasu a 1854 bai ga haka ba. Ƴaƴansa suka ci gaba da neman, har aka buɗe makaranta da sunansa a 1873, wuta ta cinye ta bayan kwana shida, aka sāke gina ta a Sault-Sainte-Marie. To, me ta zama? Ta zama ɗaya daga cikin makarantun kwanan nan masu hana harshe. Aka ɗauki sunan mutumin da ya nemi ilmi, aka liƙa a ƙofar gidan da ke rushe abin da ya so a tsare. An rufe ta a 1970. A 1971 kwalejin Algoma ta tare a cikin ginin, kuma yau Jami'ar Algoma, a cikin wannan gini, tana ba da digiri a harshen Anishinabe. Kusa da ita akwai wata cibiya ta su Anishinaben da kansu, mai suna Shingwauk Kinoomaage Gamig, wato gidan koyarwar Shingwauk. An yi shekara fiye da ɗari da hamsin kafin a dawo kan abin da tsohon ya roƙa tun farko.

A 2008 firaministan Kanada Stephen Harper ya nemi gafara a gaban majalisa. Aka kafa hukumar gaskiya da sulhu, ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair, wanda shi ma Ba'anishinabe ne daga Manitoba. Hukumar ta saurari dubban waɗanda suka rayu cikin makarantun, ta fito da shawarwari 94 a 2015. Ta 16 cikinsu ta nemi jami'o'i da kwalejoji su buɗe karatun digiri da na difloma a harsunan ƴan asalin ƙasa. Tun daga nan abubuwa suka yi sauri. Daga 2016, Jami'ar Winnipeg da Jami'ar Lakehead ta garin Thunder Bay suka wajabta wa kowane sabon ɗalibi, ko me yake karanta, ya ɗauki darasi a kan ƴan asalin ƙasa kafin a ba shi digiri.

Wannan wajabci yana da amfaninsa, ba mu musa ba. Likitan da zai yi aiki a Thunder Bay, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin gandun daji, bai kamata ya jahilci mutanen da zai yi wa aiki ba. Amma a dubi ma'aunin. A Lakehead abin da aka wajabta bai wuce awa 18 na karatu ba. Awa 18! Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya sani, cikin awa 18 ko baƙaƙe bai gama rarrabewa ba. Irin wannan darasi yana rage jahilcin baƙo, shi ke nan. Ba ya haifar da mai magana da harshe ko guda. Haɗarin kuwa shi ne jami'a ta ga ta sauke nauyi, ta buga a takardunta cewa ta amsa kiran hukumar sulhu, alhali babban aikin yana nan ba a taɓa ba.

Babban aikin shi ne harshe. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta nuna masu iya zance da Ojibwe kimanin 25,000 ne, kuma da yawa cikin masu jin sa tun daga nono tsofaffi ne. Ta gefen Amurka lamarin ya fi tsanani. Wani zai ce, ai ana iya koyar da al'adar da Ingilishi. Ana iya ba da labarinta da Ingilishi, gaskiya ne, kamar yadda ake iya ba da labarin fura ga wanda bai taɓa sha ba. Ga misali guda. Mu a Hausa muna raba sunaye gida biyu, namiji da tamata. Su kuwa a harshensu, wanda suke kira Anishinaabemowin, sunaye suna rabuwa tsakanin mai rai da marar rai, kuma aikatau yana canza siffa bisa wannan rabo. Mutum da dabba da itace suna cikin masu rai. Haka kuma dutse, da ganga, da lofen shan taba, da ita tabar kanta. Ɗalibin da ya koyi wannan a bakinsa, yana jujjuya aikatau dare da rana, ya fara jin yadda mutanen ke kallon duniya. Wanda aka gaya masa da Ingilishi cewa Anishinabe suna girmama halitta, ya sami jimla guda ce ta rubutawa ran jarrabawa.

An yi ayyuka na ƙwarai ta wannan fanni, kuma ya kamata a ambace su. Tun 1853 wani limamin kirista, Frederic Baraga, ya buga ƙamus na Ojibwe wanda har yau ana duba shi. A 2012 Jami'ar Minesota ta sa wani sabon ƙamus a intanet, wanda aka yi da muryoyin dattijai: ka taɓa kalma, ka ji yadda tsoho ko tsohuwa ke furta ta, har a gaya maka daga wane yanki mai maganar ya fito. A Wiskonsin, tun 2001, akwai makarantar yara mai suna Waadookodaading inda ake koyar da lissafi da sauran darussa da Ojibwe. Irin wannan makaranta kuwa ba ta tsayuwa sai da malamai masu harshen a baki da takardar shaida a hannu, kuma jami'a ce kaɗai ke iya haɗa musu biyun.

Nan muka iso ga magana ta biyu, wadda ta fi wuya, domin ta taɓa gadon sarautar jami'a. Jami'a gida ce mai ƙa'ida. Ba a zama malami a cikinta sai da digirin dakta, ba a hawa matsayi sai da rubuce-rubucen da aka buga. To, tsohuwar da ta san sunayen itatuwan magani ɗari, ta san tatsuniyoyi da lokacin faɗarsu, ta san yadda ake raɗa wa jariri suna, harshen kuma yana zuba daga bakinta kamar ruwa, ina za a ajiye ta? Hanya mai sauƙi ita ce a kira ta ta buɗe taro da addu'a, a ba ta ɗan abin goro, a ɗauki hoto, ta koma gida. Sannan wani mai digiri ya ɗauki abin da ta faɗa, ya rubuta littafi, a ƙara masa girma. Wannan tsohon ciniki ne, an daɗe ana yin sa, kuma ba a Kanada kaɗai ba.

Jami'ar Trent ta gwada wata hanya tun cikin shekarun 1970. Ta ɗauki dattijai a matsayin malamai na sosai, irin su Fred Wheatley mai koyar da harshen Ojibwe. Daga baya ta ɗauki Shirley Williams, ƴar tsibirin Manitoulin, wadda ita kanta ta sha wuyar makarantar kwana tana yarinya, har ta kai matsayin shehun malami, wato farfesa, aka lissafa sanin harshenta da al'adarta cikin abin da ya kai ta can. A ganinmu wannan shi ne matakin da ya fi kowane nauyi cikin duk tarihin nan, ya fi sauya sunan gini, ya fi wajabta darasi. Domin wanda ke da kujera yana da murya a majalisar jami'a. Shi zai ce wannan ɗalibi ya ci, wancan bai ci ba. Shi zai ce wannan ana koyar da shi, wancan ba na aji ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe mata tulu an sa ta a gaba.

Akwai masu suka, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Wasu malaman kimiyya suna cewa jami'a wurin bincike ne da gardama, inda ake tuhumar kowace magana. In aka shigo da ilmin da ba a yi wa mai shi musu saboda girmansa, an karya ƙa'idar gidan. Wasu dattijan Anishinabe su ma, ta nasu gefen, ba su yarda a kai kome da kome aji ba. Suna da wata ƙungiya ta asiri da magani mai suna Midewiwin, wadda ke da zane-zanenta a kan ɓawon itace, kuma ba a shiga iliminta sai ta matakai, cikin shekaru. Suna ganin wannan ba abin rubutawa a allo ba ne. Mu dai muna ganin sukan nan biyu suna warware juna, in an ba dattijai iko na gaske. Su ne za su ja iyaka tsakanin abin da ke na fili da abin da ke na ɗaki. Abin da ke na fili kuwa, harshe da tarihi da dokokin gargajiya da sanin daji da ruwa, yana jure tambaya kamar kowane ilmi. Kuma sanin al'adar mutane ba ya nufin bin addininsu. Cikin Anishinaben ma da yawa kirista ne.

Wata matsalar kuma ta kalanda ce, ƙarama a ido amma mai nuna inda gizo ke saƙa. Anishinabe suna da tatsuniyoyi masu tsarki, da yawa a kan wani gwani mai wayo da wauta da ake kira Nanabozho, wanda halinsa zai tuna wa Bahaushe da Gizo. Ba a faɗar su sai ƙanƙara ta rufe ƙasa, kamar yadda mu ba mu yin tatsuniya da rana. Malamin da ke girmama wannan ƙa'ida ba zai koyar da su a watan Satumba ba, ko da tsarin karatu ya ce haka. Shinkafar tafki, wadda suke kira manoomin, ana girbinta ne ƙarshen Agusta zuwa Satumba: mutum biyu cikin kwalekwale, ɗaya yana tuƙi da gora, ɗaya yana lanƙwaso zangarniya yana kaɗawa da ƴan sanduna biyu. Ruwan itacen sukari kuma yana zuba ne wajen Maris da Afrilu, daidai lokacin da jami'a ke shirin jarrabawa, kuma sai an dafa lita kusan 40 kafin a sami lita guda ta zumarsa. Wanda ke son ya koyar da waɗannan, dole ya fitar da ɗalibai daga aji, ya bi lokacin tafki da na daji. Haka nan, ba a tambayar dattijo ilmi hannu sake; ana miƙa masa ƴar taba tukuna, kamar yadda ake kai goro a nan, in ya karɓa ya ɗauki alkawarin amsawa. Akawun jami'a da ke neman rasit na kowane abu sai ya koyi yadda zai rubuta wannan a littafinsa.

Ga ma'aikatan hukuma da ke tambayar amfanin wannan karatu a aljihu, akwai amsa. A 1850 sarakunan Anishinabe na gefen tafkin Huron, har da shi Shingwauk, suka sa hannu a yarjejeniya da gwamnatin Ingila. Suka yarda a yi amfani da ƙasarsu, bisa sharaɗin a riƙa ba su rabo kowace shekara, kuma rabon ya ƙaru in arzikin ƙasar ya ƙaru. A 1875 aka kai rabon dola 4 ga kowane mutum, daga nan ba a sāke ƙara ko kwabo ba, alhali ana ta haƙar ma'adinai ana saran katako. Jikokinsu suka kai ƙara. A gaban kotu dattijai suka ba da shaida a kan yadda kakanninsu suka fahimci alkawari da zumunci da kyauta, masana harshe da tarihi suka tono ma'anar kalmomin da aka yi amfani da su. A 2018 kotu ta ba su gaskiya. A 2023 gwamnatin Kanada da ta Ontariyo suka yarda su biya al'ummomi 21 kuɗi dola miliyar 10, dolar Kanada fa, ba dala tamu ta tamma biyar ba. Ilmin da aka yi shekara ɗari ana dūkan yara a kansa, shi ne ya tsaya a kotu ya yi nasara. Tun 2018 kuma Jami'ar Victoria tana ba da digirin lauya mai haɗa dokar Kanada da dokokin ƴan asalin ƙasa, kuma cikin waɗanda suka kafa shi akwai John Borrows, masanin shari'a Ba'anishinabe.

Halinmu da nasu ba ɗaya ba ne, kada a yi kuskure. Hausa tana da masu magana miliyoyi, kasuwa da rediyo da masallaci duk nata ne, kuma tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga ta zuwa matsayin harshen ƙasa. Ba ta cikin haɗarin da Ojibwe ke ciki. Amma tambayar kujera ta shafe mu. Maƙeri da masaƙi da sarkin ruwa da unguwarzoma da maroƙin da ya haddace jerin sarakunan Damagaram ko na Katsinar Maraɗi, da wane matsayi suke shiga jami'a in an kira su, kuma sunan wa ke fitowa a bangon littafi in an gama?

A Ontariyo dai su Anishinabe ba su tsaya jiran jami'o'i kaɗai ba. Sun kafa cibiyoyinsu, irin su Kenjgewin Teg a tsibirin Manitoulin da cibiyar Seven Generations a garin Fort Frances. Shekaru da yawa waɗannan cibiyoyi suna koyarwa, amma takardar shaida sai ta fito da hatimin wata jami'a ko kwaleji ta Turawa. A 2017 majalisar Ontariyo ta yi doka wadda ta amince da su a matsayin ginshiƙi na uku na ilmi mai zurfi, kusa da jami'o'i da kwalejoji, ta kuma buɗe musu hanyar ba da difloma da digiri da hatiminsu, ƙarƙashin wata majalisar tantancewa da ƴan asalin ƙasa ke riƙe da ita. A 2019 majalisar tarayya ta ƙara da dokar kare harsunan ƴan asalin ƙasa. Abin da ya rage shi ne kuɗi masu ɗorewa, domin ba a koyon harshe da tallafin shekara guda, kuma malamin da ba shi da tabbacin albashin baɗi ba zai zauna ba. Tsofaffin da suka tashi da Ojibwe a matsayin harshen farko, kafin makarantar kwana ta taɓa su, yawancinsu sun haura shekara saba'in.